Emile Berliner: Mutumin da Ya Ɗora Allura a Kan Faifai

Ya kai ɗalibi, idan wata rana tafiya ta kai ka Legas, ka kama titin da ya nufi Badagiri, za ka iske yankin Ojo, inda aka kafa wata kasuwa da ake kira Alaba Rago. Sunan kaɗai ya isa ya nuna maka masu wurin, domin rago kalmar Hausa ce. Fatake daga Arewa ne suka raya kasuwar da raguna da awaki da shanu da hatsi da albasa. Ba nisa da ita kuma akwai babbar kasuwar Alaba, wadda ta yi suna wajen kayan lantarki, sababbi da na hannu. A cikin tarin tsofaffin rediyo da lasifika, in ka yi sa'a, za ka ga wani akwati mai faranti a bisansa, da wani siririn hannu na ƙarfe kwance a gefe, a bakin hannun kuma da 'yar mitsitsiyar allura.

Ka tambayi dattawan Alaba Rago ko na Agege sunan wannan akwati, za su ce maka garmaho ne. Baƙin abin da ake ɗorawa a kansa kuwa sunansa faifai, saboda ya yi kama da faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi. Da wannan na'ura 'yan ci-rani da 'yan kasuwa suka riƙa kashe kewar gida, suna sauraron Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos alhali suna bakin teku. Darasinmu na yau a kan mutumin da ya ƙago garmaho da faifansa ne. Sunansa Emile Berliner.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Emile Berliner ranar 20 ga Mayu, 1851, a birnin Hanoba na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa, Samuel, ɗan kasuwa ne mai son karatun addini, mahaifiyarsa kuwa, Sarah, mai sha'awar kiɗa ce. Gidan yana da 'ya'ya da yawa, abin hannu kuma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka karatun Emile ya tsaya tun yana ɗan shekara 14. Daga nan ya shiga neman na kansa. Ya yi aiki a maɗaba'a, ya kuma yi yaron shago a wurin masu sayar da yadi.

A shekarar 1870, lokacin da yaƙi ke shirin ɓarkewa tsakanin Jamusawa da Faransa, wani aminin mahaifinsa ya yi masa tayin aiki a shagonsa da ke Amurka. Iyaye suka amince. Emile ya hau jirgin ruwa bai cika shekara 19 ba, ya tasar wa birnin Washinton. Ka ga ashe shi ma ɗan ci-rani ne, kamar samarin da ke sauka daga mota a Agege da 'yar jakarsu a kafaɗa.

Bayan 'yan shekaru ya koma birnin Niyok, inda ya yi ta buga-buga. Ɗaya daga cikin ayyukan da ya samu shi ne wankin kwalabe a ɗakin binciken wani masanin haɗa sinadarai, Constantin Fahlberg. Aikin ba na alfahari ba ne, amma a nan idonsa ya buɗe. Da rana yana wanki, da dare yana zuwa makarantar Cooper Union, inda ake koyar da talakawa kyauta, yana karanta abin da ya shafi sauti da lantarki. Da haka ya cike giɓin karatun da talauci ya yanke masa.

Darasin da ya koya daga maɓallin waya

A shekarar 1876 Alexander Graham Bell ya nuna wa duniya tarho. Abin ya ba kowa mamaki, sai dai yana da aibi guda: murya ba ta fita sosai, in tazara ta yi nisa kuwa sai ta ɓace. A wannan shekara Berliner ya koma Washinton ya ci gaba da aikin shago, ya kuma mai da ɗakin da yake haya wurin gwaje-gwaje.

Yana da wani aboki mai aikin aika saƙon waya a ofishin 'yan kwana-kwana. Wata rana Berliner na gwada buga saƙo, sai abokin ya gargaɗe shi da ya riƙa danna maɓallin da ƙarfi, domin gwargwadon dannawa, gwargwadon wutar da za ta wuce. Ma'aikatan waya sun daɗe da sanin haka, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Berliner kuwa ya tafi gida yana juya maganar. Idan matsi yana ƙara wuta, sassauci kuma yana rage ta, to ai muryar mutum ma za ta iya yin wannan matsi da sassauci.

Sai ya samo 'yar gangar wasan yara, ya sa mata tantani na ƙarfe, ya jingina wani maɓallin ƙarfe a jikin tantanin, ba a matse ba, ba kuma a rabe ba. Idan aka yi magana, tantanin ya yi rawa, wutar da ke ratsa mahaɗar sai ta riƙa hawa da sauka daidai da muryar. Wannan na daga cikin makirfo na farko a duniya. Da yake ba shi da kuɗin lauya, da hannunsa ya rubuta takardar neman kare ƙirƙirarsa, ya miƙa wa hukuma ranar 14 ga Afrilu, 1877.

Kamfanin Bell ya sayi haƙƙin wannan ƙirƙira, ya kuma ɗauki Berliner aiki. An daɗe ana shari'a a kan wanda ya riga wani tsakaninsa da Thomas Edison, daga ƙarshe kotu ta ba Edison gaskiya. Duk da haka yaron shago ya riga ya zama mai bincike. A 1881 ya auri Cora Adler, ya kuma zama ɗan ƙasar Amurka. Ka riƙe wannan darasi na maɓalli a zuciyarka, wato abubuwa biyu su taɓa juna daidai gwargwado, domin za mu sake cin karo da shi.

Daga gwangwani zuwa faifai

Tun a 1877 Edison ya ƙera na'ura mai ɗaukar magana ta maimaita. Tasa tana rubuta sauti ne a jikin wani abu mai siffar gwangwani. Allurarta tana nutsewa tana tasowa, tana yin tudu da gangare. Akwai kuma wani dogon kusa mai zare da ke tura allurar daga wannan gefe zuwa wancan. Na'urar ta yi aiki, amma yin kwafi da yawa daga gwangwani ɗaya abu ne mai wuya, ajiyarsa kuma tana cin wuri.

Berliner ya bar kamfanin Bell, ya koma Washinton, ya buɗe ɗakin bincike a gidansa. Ya sauya abubuwa uku. Na farko, ya yi watsi da gwangwani ya ɗauki shimfiɗaɗɗen faifai. Na biyu, ya sa allura ta riƙa kaɗawa dama da hagu kamar tafiyar maciji, zurfin hanyarta kuwa bai canzawa. Na uku, ya raba aikin ɗaukar murya da aikin sauraro: kamfani ya ɗauka, jama'a su saya su saurara.

Ga yadda yake yi. Yakan samo faifan tutiya ya shafe shi da kakin zuma sirit. Mawaƙi ya rera waƙa a bakin ƙaho, tantani ya yi rawa, allura ta zana layi a kan kakin tana kewayawa daga baki zuwa tsakiya. Sai a tsoma faifan cikin ruwan asid. Asid ba ya cin kaki, sai inda allura ta kankare. Da an ɗauraye, sai ga siririn kwari a jikin tutiya, kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona. Daga wannan faifai ake yin hatimi na ƙarfe, da hatimin kuma ake buga ɗaruruwan faya-fayai, yadda ake buga littafi. Ka tuna ya taɓa aiki a maɗaba'a. Ba abin da mutum zai koya ya tashi a banza.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1887, hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Ya raɗa mata suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin rubutu da sauti, sunan da bakin Bahaushe ya sarrafa ya koma garmaho. A watan Mayu na 1888 ya nuna ta a gaban masana a Cibiyar Franklin da ke Filadelfiya. A wurin ya yi hasashen cewa wata rana mawaƙa za su riƙa samun rabo daga cinikin faya-fayansu, jikoki kuma za su ji muryar kakannin da ba su taɓa gani ba. Duka biyun sun tabbata.

Kwari ne jagora

Yanzu ka natsu, domin a nan zuciyar aikinsa take. Garmahon Berliner ba shi da kusan da ke tura allura. Kwarin faifan ne da kansa yake jan allurar, sannu a hankali, tun daga baki har tsakiya. Ke nan kwari yana aiki biyu a lokaci guda: yana kaɗa allura domin sauti ya fita, yana kuma yi mata jagora. Wannan ya sa na'urar ta zo da sauƙin ƙira da arha, har talaka ya iya mallakarta.

To amma sauƙin yana da sharaɗi. Tunda kwari ne ke jan allura, dole hannun da ke riƙe da ita ya zama sakakke, mai bin umarni. In hannu ya yi tauri, allura za ta tsallake. In ya yi nauyi, za ta ci faifai. In ya cika sauƙi, za ta yi ta tsalle. Duk wata ƙa'ida ta saita hannun garmaho da ake bi a yau daga wannan sharaɗi ta samo asali.

Garmahon farko da hannu ake juya shi. In hannun mai juyawa ya gaji, sai muryar mawaƙi ta ja kamar mai jin barci. Saboda haka manya suka ɗauke shi abin wasa. Hasali ma kamfanin da ya fara sayar da shi a Jamus, wajen 1890, na 'yar tsana ne da kayan wasan yara. Berliner bai karaya ba. Ya kafa kamfani a Amurka, ya fara sayar da faya-fayai masu faɗin inci 7. Da farko da busasshiyar roba ake yin su, daga baya ya koma wani irin ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. A 1896 wani maƙeri mai ƙaramin shago a garin Camden, Eldridge Johnson, ya ƙera masa inji mai sifirin. Sai a wana shi kamar agogo, ya yi ta juyawa da gudu ɗaya. Daga nan garmaho ya fita daga sahun kayan wasa.

Johnson ne kuma ya gyara hannun. A da, ƙahon da ke fitar da sauti yana tafiya tare da allura, wani ɓangare na nauyinsa yana sauka a kan faifai. A farkon ƙarni na 20 kamfaninsa ya fito da hannu mai rami kamar bututu, siriri a baki, mai faɗi a gindi. Sauti ya riƙa bi ta cikinsa zuwa ƙaho, ƙahon kuma ya tsaya wuri ɗaya. Wannan shi ne kakan hannun da ka gani a Alaba.

Riba da asara

Hanyar Berliner ba ta rasa ƙaya ba. A 1897 gobara ta cinye ɗakin bincikensa na Washinton da kayan da ke ciki. Bayan haka rigima ta ɓarke tsakaninsa da babban dillalinsa, Frank Seaman, wanda ya fara ƙera irin na'urar da wani suna. A 1900 kotu ta hana Berliner sayar da garmaho a Amurka. Mai abu ya zama ɗan kallo a kasuwar da shi ya kafa ta. Sai ya mai da harkarsa birnin Montiriyal na Kanada. A Amurka kuwa Johnson ya kafa kamfanin Victor a 1901, aka haɗa haƙƙoƙin mutanen biyu a cikinsa.

Kafin wannan rigima, iri ya riga ya tsallaka teku. A 1898 an kafa kamfanin Gramophone a Landan, shi da ɗan'uwansa Joseph kuma suka kafa Deutsche Grammophon a Hanoba, garin haihuwarsu. Kamfanin Landan ya sayi wani zane na Francis Barraud, wanda ke nuna kare ya karkata kai yana sauraron ƙahon garmaho. Wannan hoto ya zama ɗaya daga cikin tamburan da aka fi sani a duniya. Wani yaron Berliner, Fred Gaisberg, ya yi ta yawo da na'urar ɗaukar murya. A 1902 ya ɗauki mawaƙin Italiya Enrico Caruso a Milan, a shekarar kuma ya isa Indiya.

A 1931 kamfanin Gramophone ya haɗe da wani ya zama EMI, wanda daga baya ya buɗe reshe a Legas, da ɗakin ɗaukar waƙa a Apapa. Ta hannun irin waɗannan kamfanoni waƙoƙin Yarabawa da Ibo da Hausawa suka hau faifai. Jirgin ƙasa da ke ɗaukar goro daga Agege zuwa Kano, shi ne kuma ya riƙa haɗa kasuwannin Kudu da na Arewa. Gidajen rediyo su ma da faifai suka riƙa biya wa masu sauraro bukata a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Har yau Bahaushe na cewa faifan bidiyo, ko da kuwa abin a cikin waya yake, ba faifai ba dalilinsa.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Kada ka zaci garmaho kaɗai Berliner ya sa a gaba. A 1900 'yarsa Alice, tana jaririya, ta yi ciwon ciki mai tsanani har aka fitar da rai. Da ta warke, sai mahaifinta ya ɗaura ɗamarar yaƙi da gurɓatacciyar madara, wadda a lokacin take kashe jarirai da yawa a Washinton. Ya kashe kuɗinsa yana buga sanarwa a jaridu, yana kiran iyaye mata da su dafa madara kafin su ba yara. Ya wallafa littafin koyar da yara tsabta. A 1908 ya kafa gidauniyar tallafa wa mata masu binciken kimiyya da sunan mahaifiyarsa. Shi da ɗansa Henry sun yi shekaru suna gwajin jirgi mai saukar ungulu. A ƙarshen rayuwarsa ya ƙago wani irin rufin bango mai gyara amon murya a manyan zauruka.

Emile Berliner ya rasu ranar 3 ga Agusta, 1929, a Washinton, yana da shekara 78. An binne shi a maƙabartar Rock Creek da ke birnin.

Yadda ake saita hannu da allura a yau

Bayan rasuwarsa garmaho ya ci gaba da sauyawa. A 1948 aka fito da dogon faifai na roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, a 1949 kuma aka fito da ƙarami mai juyawa sau 45. Tsofaffin na ƙaro sau 78 suke juyawa. Allurar ƙarfe, wadda ake sauyawa bayan kowace waƙa, ta ba da wuri ga allurar daimon. Ita wannan tana maƙale ne a jikin wani ɗan ƙaramin akwati a bakin hannu, wanda za mu kira gidan allura. A cikinsa akwai mayen ƙarfe da naɗin waya. Idan allura ta kaɗa, sai su mai da kaɗawar ta zama 'yar wutar lantarki, na'ura ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Duk da waɗannan sauye-sauye, kwari ne jagora har gobe.

To a ce ka gaji garmaho daga kakanka, ko ka sayo na hannu a Alaba. Kada ka yi gaggawar ɗora faifai. Ga matakan da masu gyara ke bi.

Da farko, ka ajiye shi a kan tebur mai ƙarfi wanda bai karkata ba. In akwatin ya jirkice, hannu zai riƙa zamewa gefe guda.

Na biyu, ka ɗaura gidan allura a bakin hannu, amma kada ka ƙulle kusoshinsa tukuna. Akwai ƙananan wayoyi huɗu. Ja da kore na lasifikar dama ne, fari da shuɗi na hagu. Kowace ka sa ta a ƙafar da ke da launinta.

Na uku, ka daidaita nauyi. A gindin hannu akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, yana aiki kamar dutsen sikeli. Ka yi ta juya shi har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Sai ka mai da zoben lambobi kan sifiri, sannan ka juya dunƙulen gaba har ka kai nauyin da maƙeran gidan allurar suka ƙayyade. Yawanci tsakanin giram 1.5 ne da 2.5. Kwatanta wannan da garmahon da, wanda ke danna faifai da fiye da giram 100. Mutane da yawa suna zaton rage nauyi tausaya wa faifai ne. Kuskure ne. Allurar da ba ta zauna sosai ba takan yi ta karo da bangon kwari, ta farfasa shi, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi.

Na huɗu, ka daidaita fuskar gidan allura. Wuƙar da ta yanka kwari a kamfani a miƙe take tafiya zuwa tsakiya, hannun garmaho kuwa lanƙwasa yake yi kamar baka, domin gindinsa a kafe yake. Saboda haka allura ba za ta fuskanci kwari daidai a ko'ina ba, sai a wurare biyu kawai. Akwai wata takardar awo mai layuka da ake zurawa a kan ƙusar tsakiya. A mafi yawanta, wuraren biyu suna nisan kimanin milimita 66 da 121 daga tsakiya. Ka riƙa matsar da gidan allura gaba da baya, kana ɗan murɗa shi, har ya yi daidai da layukan a duka wuraren. Sannan ka ƙulle kusoshi, ka sake duba nauyi.

Na biyar, ka duba ta gefe. Idan allura na kan faifai, ya kamata hannu ya kwanta daidai da fuskar faifan. Ka duba ta gaba kuma, ka tabbata allurar a tsaye take, ba ta kishingiɗa ba.

Na shida, akwai wani ɗan maɓalli kusa da gindin hannu. Idan faifai na juyawa, gogayya takan ja hannu zuwa tsakiya, allura ta fi matse bango ɗaya. Maɓallin yana ɗan jan hannun baya domin matsin ya zo daidai. Yawanci akan sa shi a lamba ɗaya da ta nauyi.

Daga nan sai kula. Ƙurar hunturu a Arewa da laimar Legas duk abokan gaban faifai ne. Ka goge shi kafin ka sa, ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye shi a tsaye cikin jakarsa, nesa da rana, domin zafi na lanƙwasa shi. Allura kuma da burushi mai laushi ake share ta, daga baya zuwa gaba. In faifan tsoho ne mai juyi 78, kwarinsa ya fi faɗi, yana bukatar tasa allurar dabam.

Me ya sa za ka sha wannan wahala alhali waƙa na cikin wayarka? Dalili shi ne, kowane tsohon faifai da ya rage a hannun jama'a taska ne, kuma ba a sake buga yawancinsu. Kwarin da ke gefe ɗaya na dogon faifai, in da za a warware shi, zai kusa rabin kilomita, allura kuma sai ta taka shi kaf. In an saita ta da kyau, za ta wuce ta bar shi lafiya domin na baya. In an saita ta da ganganci, za ta kankare muryar da mai ita ya riga ya kwanta dama, ba kuwa za a iya kiransa ya sake rerawa ba. Abin da Berliner ya gano a kan maɓallin waya yana ɗan shago, shi ne dai kake aikatawa lokacin da kake juya dunƙulen nan a hankali kana neman giram biyu.

Ma'anar kalmomi

Fatake: 'yan kasuwa masu tafiya gari-gari.
Ci-rani: barin gida zuwa wani gari domin neman abin masarufi.
Maɗaba'a: wurin da ake buga littattafai da jaridu.
Tantani: siririyar fata ko makamancinta da ake rufe bakin ganga da ita.
Tutiya: wani farin ƙarfe da ake shafa wa kwanon rufi.
Kwari: wuri mai zurfi tsakanin tudu biyu.
Ƙaro: danƙon da ke daskarewa a jikin itace.
Wana: murɗa sifirin na agogo ko na garmaho domin ya yi aiki.
Mayen ƙarfe: ƙarfen da ke jawo wani ƙarfe.
Kwanta dama: rasuwa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Emile Berliner, kuma me ya sa karatunsa ya tsaya da wuri?
2. Wane darasi ya koya daga abokinsa ma'aikacin waya?
3. Kawo bambanci uku tsakanin na'urar Edison da ta Berliner.
4. Waɗanne ayyuka biyu kwarin faifai yake yi?
5. Wace gudummawa Eldridge Johnson ya bayar?
6. Me ya sa rage nauyin allura fiye da kima yake ɓata faifai?
7. Bayyana ma'anar waɗannan: bai taka kara ya karya ba, ɗaura ɗamara, fitar da rai.

Aikin gida

Nemi wani dattijo a unguwarku wanda ya taɓa amfani da garmaho. Gaishe shi cikin ladabi, ka tambaye shi waƙoƙin da ya saurara da yadda ake kula da faifai a zamaninsu. Rubuta abin da ya gaya maka cikin jimloli 15.